Saitin tsohuwar bindigar soja: tambayoyin da 'yan'uwa ke yawan yi

Ba kowane gidan Bahaushe a Makka ko Jidda ko Madina ake samun bindiga ba, amma akwai ɗaiɗaiku. Wani kakansa ya yi aikin soja ya bar ta a gado, wani kuma sha'awar harbin allo ce ta kai shi ga saye. Kusan duk wanda ya kai Lee-Enfield ko Mauser filin harbi karon farko, ƙorafi ɗaya yake dawowa da shi: tana harbi sama. Daga nan sai ya nemi guduma ko magagari. Yawancin saitin da na gani a lalace, mai bindigar ne ya lalata shi da hannunsa, yana gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Na gaji bindiga wurin mahaifina. Zan iya fita bayan gari in gwada ta?

A'a, Alhaji. Gado bai zama lasisi ba. Dokar makamai da harsasai ta Saudiyya, wadda aka zartar a 1426 Hijiriyya, wato 2005, ta ɗora bayar da lasisi a hannun Ma'aikatar Cikin Gida, kuma lasisin na mutum ne da sunansa. In mai shi ya rasu, magada su je su daidaita takardun. Mai zama da igama, wato takardar zaman baƙo, kada ya ɗauka hukuncinsa ɗaya da ɗan ƙasa, ya tambayi hukuma tukuna. Wurin gwaji shi ne filin harbi mai rajista. Harsashin .303 yana iya yin tafiyar kusan kilomita 3, kuma dajin da kake ganin babu kowa akwai makiyayi da raƙumansa a ciki.

Mu mazauna Makka muna da ƙari a kan doka. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana ɗaukar makami a Makka, sannan farauta a cikin Harami haramun ce ga mai harama da wanda ba shi da ita. A wajen Harami ma farauta sai da izinin cibiyar kula da namun daji ta ƙasa, ta manhajar Fitri, kuma izinin ne ke faɗin lokaci da irin dabba da irin makami. Duk bayanin da ke ƙasa na harbin allo ne.

Ta yaya zan san wace iri ce a hannuna, kuma me ya haɗa wannan da saiti?

Iri biyu suka fi yawa a nan, kuma tarihin Hijaz ne ya kawo su. Sojojin Daular Usmaniyya, waɗanda suka riƙe Madina ƙarƙashin Fakhri Pasha har Janairun 1919, Mauser suke riƙewa. Ingila kuma ta ba dakarun Sharif Husaini bindigogi bayan tawayen 1916, cikinsu da Lee-Enfield mai cin harsashi goma. Daga baya wasu suka shigo ta hanyar fatauci.

Lee-Enfield kanta kashi biyu ce ga mai gyaran saiti. Ta farko, SMLE No. 1 Mk III ta 1907, saitinta na baya yana kan bututu, ɗan gibi ne da kake leƙawa, an rubuta masa yadi 200 zuwa 2000. Ta biyu, No. 4 ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, saitinta na baya huda ce kusa da ido. Mauser Kar98k ta Jamus, ta 1935, gibi gare ta mai tsini a ƙasa, daga mita 100 zuwa 2000. Akwai kuma Mosin-Nagant 91/30 ta Rasha jefi-jefi.

Abin da ya fi saiti muhimmanci shi ne harsashi. Mauser ta Usmaniyya ta asali yawanci 7.65×53 take ci, amma da yawa an mayar da su 7.92×57 a Turkiyya a shekarun 1930. Ishapore 2A1 ta Indiya in ka gan ta sai ka rantse SMLE ce, alhali 7.62×51 take ci. Kada kama ta ruɗe ka, a kai wa mai gyaran bindiga ya auna.

Me zan duba kafin harbin farko?

Cire sakata, wato ƙarfen da ake ja baya a tura harsashi cikin bututu, da gidan harsashi, ka tabbatar da idonka da yatsanka babu komai a ciki. Leƙa bututun ta fuskar haske. Gidan zanzaro ko busasshen man ajiya a ciki ya isa ya kumbura bututu. In ka ga harufan DP a jiki, ta fareti ce, sojan Ingila sun cire ta daga masu harbi, rataye ta a bango kawai. Akwai kuma Lee-Enfield na jabu da maƙeran Darra Adam Khel ta Pakistan ke ƙerawa, tambarinsu a karkace, wani harafin ma a juye. Ƙarfensu ba abin dogaro ba ne.

Sai a auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, aikin mai gyara ne da ma'auninsa. Bayan haka ka bi kusoshin da suka haɗa ƙarfe da katako. Bindigar da ta yi shekaru a busasshiyar iskar Najad katakonta ya tsuke, kusoshin sun saki, kuma bindiga mai motsi a cikin katakonta ba ta tara harbi wuri ɗaya ko wane ne ya saita ta. A Lee-Enfield, babbar kusar da ke gaban gidan harsashi ita ce uwa. Wani gargaɗi ga masu SMLE: kada a kwance doguwar kusar ƙota sai an cire katakon gaba, in ba haka ba kan kusar zai tsaga shi.

To me ya sa take harbi sama? Na sa saitin a ƙasan ƙarshe amma banza.

Haka aka yi ta. Soja ba allo yake harbi ba, kuma ba shi da lokacin murɗa saiti. An koya masa ya auna tsakiyar jiki, harsashi ya faɗa ko'ina daga nan zuwa sama a kowace tazara ta kusa. Babbar hudar No. 4 an saita ta a yadi 300, wato mita 274. Domin harsashi ya sauka daidai a can, dole ya bi ta sama a hanya, don haka a mita 100 za ka same shi kusan taƙi guda bisa inda ka auna, santimita 15 zuwa 20. Mauser Gewehr 98 ta Jamus, ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, saitinta daga mita 400 ya fara, tata ta fi haka. Mauser ta Suwidin, M96, daga 300. Mosin kuwa da banati, wuƙar bakin bindiga, a maƙale aka saita ta a masana'anta, in ka cire shi wurin faɗuwar harsashi yakan gusa.

Akwai kuma bambancin yadda ake riƙe bara. Wani yana ɗora baƙin da'irar allo a kan tsinken gaba, wato saitin da ke bakin bindiga, kamar ƙwai a kan tsinke, wani yana sa kan tsinken a tsakiyar da'irar. In da'irar faɗinta santimita 30 ne, tsakanin mutum biyun nan akwai santimita 15, da bindiga ɗaya da harsashi ɗaya. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai kafin ka ce saiti ya ɓaci. Mai No. 4 kuma, in saitinsa na baya yana da ɗan tsani mai lambobin nisa, ya ɗaga tsanin ya sa shi a 200, sau da yawa maganar ke nan ta ƙare.

Yaya zan gane laifin saiti ne ko nawa?

Da tarin harbi. Harsashi ɗaya ba ya shaida. Kwanta ko zauna a tebur, ka ɗora katakon gaba a kan buhun yashi, kada bututun kansa ya taɓa komai. Fara daga mita 25 da babbar takarda, domin a mita 100 kana iya kuskure allon gaba ɗaya ka rasa abin aunawa. Harba biyar a natse, kana auna wuri ɗaya, ba ka bin ramin da ya gabata. Sa abin toshe kunne da tabarau.

In biyar ɗin sun taru amma a gefe, saiti ne, kuma gyaransa mai sauƙi ne. In sun watse, guduma ba ta da aiki a nan: ko hannunka ne, ko harsashin, ko katako, ko bakin bututu ya cinye. Tsohuwar bindiga mai lafiya da harsashin soja takan tara harbi cikin santimita 8 zuwa 12 a mita 100. Wanda ke neman ramuka su haɗe da juna ya sayi ta zamani.

Kunamar Lee-Enfield da Mauser hawa biyu gare ta. Ka ja sako-sakon farko har ka ji ta tsaya, sannan ka matsa a hankali. Mai fizga, in na-dama ne, yakan jefa harbinsa ƙasa da gefe. Karkata bindiga ma haka: in ta kwanta dama, harsashi ya tafi dama kuma ƙasa. Gwaji mafi arha shi ne ka ba wani gwani ya harba biyar. In nasa sun faɗa inda naka suka faɗa, ka wanke kanka.

Ta wane gefe ake gusar da saitin?

Na baya yana bin inda kake son harsashi ya koma. Na gaba akasin haka. Harbi ya faɗa hagu kana son ya dawo dama: ko ka kai na baya dama, ko ka kai tsinken gaba hagu. Harbi ya yi sama: ko ka sauke na baya, ko ka sa tsinke mai tsawo. Masu shago a nan suna ce wa na gaba sha'ira, in za ka nema.

A aikace, kusan duk gyaran hagu da dama a gaba ake yi. Kar98k da No. 4 da Mosin ba su da abin murɗa gefe a baya. SMLE Mk III ta farko tana da shi, amma an cire shi a Mk III* lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don a rage wahalar ƙira. Rubuta gefen da za ka buga a takarda kafin ka ɗauki guduma, domin da zarar ka juya bakin bindiga yana kallonka hagu da dama sun musanya.

Nawa zan gusar?

Nan ne mutane ke ɓarna, don abin ƙanƙani ne fiye da yadda ido ke zato. Lissafinsa: kuskuren da ke kan allo, sau tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, a raba da nisan allo, duka a milimita.

Ɗauki Kar98k, tsakanin saitinta biyu milimita 500. Tsakiyar tarin harbinka ta kauce santimita 10 a mita 100. Wato 100 sau 500, a raba da 100,000. Amsa rabin milimita. In a mita 25 ka auna ka sami santimita 3, to 30 sau 500 a raba da 25,000, milimita 0.6. Mai buga tsinke har ya ga ya motsa da ido daga nesa ya riga ya wuce da ninki uku.

No. 4 tazarar saitinta ta fi tsawo, wajen milimita 730, shi ya sa ta fi yafe kuskuren ido. SMLE tana kusa da ta Mauser. Kada ka dogara da lambobina, ɗauki awo ka auna taka daga gibin baya zuwa bayan tsinke. Sannan daga tsakiyar tarin ake auna kuskure, ba daga ramin da ya fi ba ka haushi ba.

Yaya ake buga tsinken ba tare da an ɓata shi ba?

Tsinken yana zaune ne a cikin tsagi mai faɗin ƙasa, matsi ne kawai ke riƙe shi. Fara da ɗiga man sassauta tsatsa ka bar shi ya kwana. Ja layi siriri da fensir wanda ya ratsa gindin tsinken da mazauninsa, shi zai nuna maka motsi. A Mauser da yawa za ka tarar da irin layin an buga tun daga masana'anta, in sun dace da juna, saitin na asali ne.

Tallafe mazaunin saitin a kan katako mai tauri, kada bututu ya rataya a iska yana shan bugu. Yi amfani da ɗan sandan tagulla da ƙaramar guduma, tagulla ce za ta lotse ta bar ƙarfen. Gindin ake bugu, ba tsinken ba, tsinke karyewa yake. In da hali, akwai ɗan matsi mai kusa da ake turawa da shi a hankali, ya fi guduma nesa ba kusa ba, kuma irinsa masu gyaran makaman soja suke riƙewa.

Masu No. 4 su duba gaban mazaunin. Wasu suna da 'yar kusa mai kai a juye, wadda sukudireban gida ba ya kamawa. Sai an sassauta ta, in ka buga a ɗaure ka ɓata tsagin. Bayan kowane gusawa a koma a harba biyar.

Na gyara gefe, saura tsawo. In goge tsinken da magagari?

Goge tsinke ɗaga harbi yake yi, kai kuwa matsalarka ta yi sama. Tsinke mai tsawo kake bukata. Ingila ta ƙera na Lee-Enfield hawa-hawa, tsakanin kowane da na kusa da shi inci 0.015, wato milimita 0.38, kuma lambar tana rubuce a jikinsa. A No. 4 hawa ɗaya yana gusar da harbi kamar santimita 5 a mita 100, a SMLE kusan 8. Karanta lambar naka, yi lissafi, ka nemi wanda ya dace. Na Mauser ana sayar da dogaye da gangan, ka sa, ka riƙa gogewa kaɗan-kaɗan har harbi ya hau inda kake so.

A sabon tsinke ake wannan, na asalin a naɗe shi a ajiye. Ni ban yarda a taɓa saitin baya da magagari ba ko kaɗan. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, lambobin nisa duka sun tashi daga aiki, darajar bindigar kuma ta faɗi.

Lambobin da ke kan saitin baya, mita ne?

Na Ingila yadi ne, yadi ɗaya mita 0.914. Na Jamus mita. Mosin ta zamanin sarakunan Rasha da arshin aka rubuta ta, santimita 71, sai 91/30 ta koma mita. Mauser ta Usmaniyya da ta Iran lambobinsu irin waɗanda muke gani kullum a takardar riyal ne, mu nan ba mu da wahalar karanta su.

Na canza harsashi sai saitin ya gudu. Me ya faru?

Lambobin saiti na harsashi guda ne. Na Lee-Enfield shi ne Mk VII na 1910, nauyinsa giram 11.3, yana fita da gudun mita 744 a daƙiƙa. Wanda ya gabace shi, Mk VI, ya fi nauyi, kansa a dunƙule, kuma bai kai shi gudu ba. SMLE da aka daidaita wa sabon an buga mata HV a kan bututu bayan saitin baya. Kar98k nata giram 12.8 ne a mita 760 a daƙiƙa. Harsashin kanti na yau, musamman 7.92 da ake yi a Amurka, sau da yawa an rage masa ƙarfi, sai ya faɗi wani wuri daban. Zaɓi iri ɗaya da za ka iya samu kullum ka saita da shi.

Tsohon harsashin da aka tarar a akwatin marigayi ba na saiti ba ne. Shekaru a zafin ɗakin ajiya suna canza albarushi, wani ya tashi da ƙarfi wani da rauni. In ka ja kunama ka ji shiru, kada ka buɗe sakata, bar bakin yana kallon allo minti ɗaya, yana iya tashi a makare.

Da safe daidai take, da hantsi ya yi sai ta kauce. Aljanu ne?

Rana ce. Tsinken da ya goge yana ƙyalli, idonka ya ɗauki gefen da ke haske a matsayin tsakiya, harbi ya gudu daga ɓangaren da rana take. Maganinsa tun na sojan da: a kunna ashana ko kyandir a bi tsinken da gibin da hayaƙi har su yi baƙi ƙirin, nesa da harsasai. Ga kawalwalniya, wadda ke sa allo rawa ya bayyana sama da inda yake. Bututun da ya yi zafi shi ma yana tayar da tasa a gaban idonka, ya kuma taɓa katako ya tura harbi. Harsashin da ya kwanta a rana ko a cikin mota ƙarfinsa ƙaruwa yake.

Saboda haka bayan asuba ake saiti, a inuwa, ana hutar da bututu tsakanin biyar da biyar. Wanda ya saita a Jidda ya hau Ɗa'if, inda tsawo ya haura mita 1,500, a mita 100 ba zai ga wani bambanci ba, sai daga 300 zuwa sama.

Sai da na kai tsinken can gefe kafin ta daidaita. Lafiya?

Ba lafiya ba. In gusawar ta wuce milimita ɗaya da rabi, wani abu ne ke tura harbin: katako ya kanannaɗe yana danna bututu ta gefe, ko bakin bututu ya sami rauni, ko mazaunin saitin ya karkace, ko bututun ya lanƙwashe. Mayar da tsinken tsakiya ka kai wa mai gyara.

Baba ya haura hamsin, ya ce gibin baya ya zama hazo. Ya haƙura?

Ido ba ya kama abu uku a lokaci guda, ko na saurayi. Tsinken gaba ake kallo, allo da gibi su yi dishi-dishi, ba komai. Ga dattijo No. 4 ta fi, domin ƙaramar huda tana ƙara wa ido kaifi, kuma ido da kansa yake sa tsinke a tsakiyarta. Mai Mauser ya liƙa baƙin salatif mai 'yar huda kamar milimita ɗaya da rabi a gilashin tabaraunsa, daidai inda yake leƙawa. Likitan ido ma yana iya yanka masa gilashin da ya dace da nisan tsinken, in an faɗa masa santimita nawa ne daga ido.

In huda ta in ɗora madubin hangen nesa fa?

Bindigarka ce, amma ramin da aka huda a jikin Mauser ta Usmaniyya ta 1903 ya zauna ke nan. Akwai mazaunai da ake ɗaurawa a gurbin saitin baya ba tare da huda ba, a cire su ranar da aka ga dama.

Na gama saiti. Me zai hana shi sake gudu?

Ɗiga ɗan jan farce a mahaɗar tsinke da mazauninsa, in ya tsage ka san an bige shi. Rubuta irin harsashi da nisa da lambar da saitin baya yake kai. Duk ranar da aka raba ƙarfe da katako, a sake gwadawa.

Sai wanki. Yawancin tsofaffin harsasan soja suna barin gishiri a cikin bututu, kuma mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke yi. A zuba ruwan zafi ta baya ya fita ta baki, a busar, sannan a shafa mai, a ranar da aka yi harbin. A danshin Jidda ko Yanbu kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama. Sandar wanki ta baya ake shigar da ita, domin gogar bakin bututu tana watsa harbi. A ajiye bindigar a kulle, ba a cikin jakar leda ko ta soso ba, harsasai kuma a wani makullin daban inda yara ba sa kaiwa.